Kwallin Tabawa

Ku ajiye gardamar ƙwallon nan haka, ga wadda ta fi ta nauyi. Kai mai dariya, da kai zan fara in na gama.

A wani ƙauye na hayin kogi an yi wata mata, Tabawa. 'Ya'yanta huɗu ta binne, kowanne da ciwo iri ɗaya: ciwon ciki, sai jijjiga, sai rai ya yi halinsa. Mijin ma ya bi su. Kun san bakin mutane, nan da nan aka ce mayya ce. Aka daina aiko mata da tuwon suna, in ta doshi rijiya mata su janye 'ya'yansu. Sai ta wuni ba wanda ya yi mata sallama. Abin da ya rage mata a duniya 'yar autarta ce, wadda ta sa wa Ayashe don ko mutuwa ta raina ta ta wuce. Kullum takan ɗauko tandun da ta gada wurin uwarta, ta rambaɗa wa yarinyar kwalli don tsarin kambun baka. Tun da na fari ya rasu take ƙara yawan kwallin.

Ana tsakiyar damina Ayashe ta fara jijjiga. Tabawa ta goya ta sai bakin kogi, don asibiti a tsallake yake, ta tarar ya cika ya batse. Masu fito suka kau da kai, wa zai ɗauki mayya a kan ruwa? Jatau kaɗai, abokin marigayi mijinta, ya kwance kwale-kwalensa. Igiyar ruwa ta karya masa filafili, ya ƙarasa da gora. Bayan nan ya daɗe ba mai shiga jirginsa.

A asibiti aka yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru kamar an shuka dusa. Sallau mai gwajin jini, shi ma abokin marigayin ne, ya ce a'a, da walakin. Ya ɗebi jinin yarinyar ya kai babban birni da kansa, ya bar tasa matar a kan gwiwa. Ya dawo da amsa: gubar dalma ce. Aka ba ta magani ta farfaɗo. Amma suna komawa gida ciwo ya dawo, aka sake kwantar da ita a asibiti. Aka duba rijiya, aka duba tukwane, ba a ga inda dalmar take shiga ba.

To, akwai na ukun abokan marigayin, Malam Ɗanlami, tsohon malamin makaranta da ake wa laƙabi da Malam Asali. Ba ka isa ka ambaci sunan magani a gabansa ba sai ya gaya maka ƙasar da sunan ya fito da ma'anarsa, har ka manta da ciwon da ya kawo ka. Mutane kan canja hanya in sun hango shi. Ya je dubiya, ya ji likita na cewa ai nan ba a haƙar galina, balle a ce ƙurarta ce. Malam ya ce galina sunan da tsofaffin Rumawa suka ba dutsen da ake narka dalma daga cikinsa ne. Likita ya ɗaga hannu zai tsayar da shi, ina! Ya ci gaba, ya ce dutsen nan ake niƙawa a sa a ido, Larabawa su ce kuhul, daga nan muka samo kwalli. Sai ya waiwaya. Ya ga Ayashe ta murza ido, ta kai yatsa baki.

Ya ce, "Tabawa, ina tandunki?"

Da aka gwada, kwallin kusan dalma ce zalla. Tabawa ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Malam, da ka bar ni a mayyata. Da ba ni na yi ba, yanzu kuwa da hannuna ne."

Ayashe ta warke, gari ya wanke Tabawa, mata suka dawo da sallama. Sai dai ita ta daina fita. Tausayi, wallahi. Har ta tsufa, in ta ga Malam Ɗanlami takan gaishe shi da ladabi, amma ba ta iya kallon idonsa.

Kwanci-tashi Ayashe ta yi aure, ta haifi ɗa namiji. Mijinta ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ke za ki zaɓi suna. A yi wa wanda ya ceci uwarsa takwara." Tabawa ta rungumi jikan nan, ga liman na jira a zaure. Da ba Jatau, da yarinyar ta mutu a bakin kogi. Da ba Sallau, da an yi ta maganin zazzaɓi har a binne ta. Da ba Malam, da jinjirin nan ma yau an sa masa kwalli daga tandun, amma shi ne ya ɗora mata abin da ba ta sauke ba.

Yaro ɗaya, suna ɗaya. To, kai mai dariya, sunan wa za a raɗa masa?