Lantana da Dokar Waziri

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan malamai, an yi wani sarki mai son talakawansa, sai dai ba ya ƙetare maganar wazirinsa, Ɗankande. Wata rana Waziri ya faɗi gabansa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kowane uba yana kai ɗansa wurin malamin da ransa ya so. Gobe yaran nan ba za su san sarki ba, sai malamansu."

Sarki ya yarda. Aka yi shela an rufe makarantun unguwanni. Duk wanda bai iya karatu ba, ko wane ne shi, a kai shi makarantar fada wurin Malam Jatau, ƙanen Waziri. Kuskure ɗaya, bulala biyar. Uban da ya ce uffan a ɗaure shi.

To, akwai wata mata ana ce mata Lantana, mijinta ya rasu bayan ya yi shekara ashirin yana magatakardan Waziri. Ɗa ɗaya ya bar mata, Tanimu, mai i'ina amma mai kyan rubutu. Malaminsa na unguwa ya saba jiransa har maganar ta fito. Aka kai shi makarantar fada. Malam Jatau kuwa kowace i'ina kuskure ce a wurinsa. Ranar da bulala ta tsinke sai ya ɗauki gora ya bi yatsun yaron da ita. Hannun dama ya karye, aka ɗora, ya warke a shanye.

Lantana ta kai kuka gidan Waziri. Ko kallonta bai yi ba ya ce, "Ke haihuwa kika yi. Ɗa na sarki ne."

Ta fito ba hawaye, ta rantse ba za ta sake kitso ba sai ta rama. Ta kuwa san wani sirri daga bakin marigayi: Waziri bai san baƙi ko ɗaya ba, da idon magatakarda yake cin sarauta. Ta bi gida gida ta ji sunayen yaran da aka nakasa, ta sa tsohon malamin Tanimu ya rubuta.

Ran da fada ta cika, ta zo ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ga takarda. Maganar gidan Waziri ce, bai kyautu wani ya karanta ba sai shi."

Sarki ya miƙa masa. Waziri ya waiga, sabon magatakardansa na can bakin ƙofa. Ya gyara murya, ya yi ta bin takardar da yatsa, ya ce, "Matar nan godiya take wa sarki saboda makarantar fada."

Lantana ta ce, "A ba Alƙali ya maimaita godiyar."

Alƙali ya karɓa, ya karanta sunayen yara goma sha ɗaya, kowanne da abin da aka yi masa: wannan ido, wannan kunne, wannan hannu. Sarki ya sa aka kawo allon masu fara karatu, Waziri ya ƙura masa ido, ya kasa karanta ko baƙi ɗaya.

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, na zalunce ki da hannun wani. Me kike so?"

Ta ce, "Ba na son raƙumi, ba na son zane. Doka ta ce ko wane ne shi."

Nan take aka warware rawanin Ɗankande, aka zaunar da shi a makarantar fada, aka umarci Jatau ya koya wa wansa karatu, kuskure ɗaya bulala biyar, dogari na tsaye kada ya sassauta. In sun gama, Alƙali na jiran Jatau da shari'ar yara goma sha ɗaya. Sarki kuma ya soke shelar, ya ce kowa ya kai ɗansa inda ya aminta, malamin da ya raunata yaro kuwa fada za ta neme shi.

Kullum Lantana takan zo da tabarmarta ta zauna bakin ƙofa. Rana ta bakwai Ɗankande ya rarrafo, bayansa duk rauni, ya ce, "Lantana, don darajar marigayi ki yafe mini."

Ta naɗe tabarmarta ta ce, "Ran da ka iya rubuta sunan ɗana, ka aiko a kira ni."

Masu ba da labari sun ce har ya bar duniya bai aika ba.