Rijiyar Durwa da Kabarin Ubangidanta

Tun kafin a ja ganuwar garin nan, wurin ƙungurmin daji ne, sai ɓauna da gwanki. A shekarar wani mugun fari ne maharbi Tunau, jan namiji, mai kibiya ɗaya nama ɗaya, ya biyo sawun gwanki shi da karyarsa Durwa. Kwana uku bai ga ruwa ba, har harshensa ya kumbura, ya zube a gindin kanya yana jiran ajali. Sai ga Durwa ta dawo da ɗanyar laka a ƙafafunta. Ya ja ciki ya bi ta, ya tarar ta tone rami, ruwa na ɓuɓɓugowa fari tas.

Ya kafa bukka, ya aika aka zo da danginsa. Kafin damina biyu wurin ya zama gari. To, nan fa abin haushin ya fara, don duk makiyayin da ya koro shanu sai ka ji ya ce, "Mu je ruwan Durwa."

Tunau ya hau faɗa. "Wa ya yi kiwonta? Wa ya sare dajin? Garin Tunau za a ce, wanda ya ƙi ya sha bulala!"

Aka ce to a gabansa, a bayansa aka ci gaba.

Yayarsa Cindo ta ce, "Haba ɗan'uwana, da furfurarka, da karya kake kishi?"

"Ke dai Yaya, rufe mini baki!"

Ya ba fatake karyar kyauta su tafi da ita Azbin. Bayan wata biyu ta dawo, ƙashi da fata, ta kwanta a ƙofarsa tana kaɗa wutsiya. Ya haƙa tasa rijiyar mai zurfin gaba ashirin, ruwan ya fito zartsi, ko jaki ba ya sha.

Da ciwon ajali ya kama shi ya tara 'ya'yansa. "Ku binne ni a kan hanyar tsohuwar rijiyar. Duk mai zuwa ɗiban ruwa dole ya wuce ta kaina, dole ya kira sunana."

Suka cika masa wasiyya, suka jera duwatsu bakwai a kansa. Duwatsun suna nan har gobe, mata na sauke tulu a kansu su huta. Amma je ka tambaye su na wane ne. Sai su ce, "Wannan? Ai kabarin ubangidan Durwa ne."