Ranar da Aka Share Ɗakin Auta

Akwai wata mata mai ɗinki da ƙannenta ke kira Yaya Babba. Ba muguwa ba ce. Aibinta ɗaya: ba ta yarda bare ya ga kasawar gidansu.

Autansu a da direba ne, kafin ciwon ƙwaƙwalwa ya zaunar da shi. Ba ya duka, ba ya zagi. Zama kawai yake yi shi kaɗai a ɗakin haya, a wani gari nesa da nata, yana kallon bango. In an ce ya ci, ya ci. In ba a ce ba, abincin ya lalace a gabansa.

Wata rana asibiti ta aiko cewa ma'aikaciya za ta zo ta ga irin taimakon da yake bukata, don a samo masa mai leƙo shi kowace safiya. Yaya na jin haka ta hau mota, ta riga ma'aikaciyar isowa. Ta kwashe kwanukan da suka yi funfuna, ta wanke zanen gado, ta kai shi aski, ta fesa turare. Magungunan da ya tara bai sha ba, ta cusa su ƙarƙashin katifa.

"Saura ka ba mu kunya," ta ce masa. "Duk abin da ta tambaya, lafiya lau."

Ma'aikaciya ta iso, ta zauna kusa da shi.

"Malam, kana yin wanka da kanka?"

"Yana iyawa mana," Yaya ta karɓe.

"Ba iyawa na tambaya ba, Mama. Yana yi?"

"Ba ki da ido ne? Ga shi nan fes kamar ango."

"Malam, akwai ranar da kake kasa tashi daga kwance?"

Auta ya buɗe baki. Ya dubi yayarsa, sai ya sunkuyar da kai. "Lafiya lau," ya ce.

"Kin ji ko? Ke 'yar nan, ƙanena ba mahaukaci ba ne. Gajiya ce kawai."

Ma'aikaciya ta duba ɗaki, ba ta ga abin kamawa ba. Aka tura mai leƙon wurin wani mara lafiyar. Yaya ta koma kan keken ɗinkinta tana murna ta rufa asiri.

Watanni suka shuɗe. In ta kira, wayarsa a kashe, don ba mai ce masa ya sa caji. Rannan mai gidan haya ya kira ta: Auta ya fita da safe ba takalmi, bai dawo ba. Ta bi tashoshin mota, ta bi asibitoci, ba wanda ya gan shi. Da ta je gun ma'aikaciyar tana kuka, matar ta ce, "Mama, ni abin da aka nuna mini na gani."

Yanzu ta kwaso kekenta ta tare a ɗakin Auta. Tana ɗinki ƙofa a buɗe, ko wa ya gifta sai ta ɗaga kai.

Ku ji ni da kyau, masu majinyaci irin wannan a gida. Ranar da za a zo duba shi ba ranar kwalliya ba ce. Ku bar ɗakin yadda yake, ku yi shiru ya yi magana da bakinsa, ku faɗi yadda yake a ranarsa mafi muni. Kunyar da kuke gudu ta yini ɗaya ce, shi kuwa da kaɗaicinsa zai kwana ya tashi bayan kun tafi.