Tunau da Kurmin Garinsu

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani Sarki da maƙeransa suka rasa gawayi, har garma ta gagari talaka. Waziri ya ce a sare kurmin Rafin Kanya a yi gawayi. Sarki ya ce ba zai sa gatari ba sai ya ji bakin masu goyon baya da na masu suka.

Aka aika makarantar Malam Shekarau, inda ake koyar da muhawara. Al'adarsu kuwa, ɗalibi ba ya zaɓen gefen da zai kare, sai dai a ja kara: mai dogo ya kare kurmi, mai gajere ya nemi a sare. Gajeren ya faɗo hannun Tunau, gwanin makarantar, wanda garinsu ke sha daga idon ruwan da ke cikin kurmin nan. Ya roƙi Malam a sauya masa, Malam ya ce ba a taɓa yi ba.

Tunau ya shiga fada da niyyar yin sako-sako. Ina! Da ya ji fadawa na cewa madalla, daɗin baki ya kwashe shi, ya yi kaca-kaca da abokin karawarsa. Sarki ya yafa masa alkyabba, aka sare kurmi ƙarƙaf.

Ba a jima ba idon ruwan ya ƙafe, garin ya watse. Mahaifiyar Tunau, Inna Tabawa, ta koma zaman cin arziki a garin wasu. Kai, abin da ban tausayi.

Tunau ya dawo fada, ya ajiye alkyabbar, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kara ne ya zaɓa mini abin da na faɗa, amma bakina ne ya faɗe shi. A hukunta ni."

Sarki ya hana jan kara a duk maganar da ta shafi ruwa ko ƙasar mutane, ya ce masu wurin za a fara ji. Hukuncin Tunau kuwa, ya dasa kurmin da hannunsa, Waziri ya kawo masu ban ruwa.

Tunau ya je ya gaya wa Inna. Ta tambaye shi ko ruwan zai dawo tana da rai. Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Duk bakin nan naka, ɗan nan, ni ce ba ka da amsar da za ka ba ni?"