Abin Da Kailani Ya Tono A Bakin Rijiya

Akwai wani mutum a Tudun Wada, Zariya, mai suna Kailani. Bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi, sai ya tsaya tunanin me kake nema.

Shi da ƙanensa Zulkiflu sun gaji fadama da gonar tudu a bayan gari. Rijiya ɗaya ce a fadamar, da ita suke ban ruwan albasar da ke ciyar da gidajensu biyu.

Wata rana Kailani ya ji cewa masu gidajen burodi da masu gawayi na rububin itacen turare, doguwar bishiyar nan mai ƙamshin ganye, kuma yana saurin girma. Ya ce zai dasa a rabonsa na fadama.

Zulkiflu ya ce, "Yaya, kai shi tudu. Turare mashayin ruwa ne."

Kailani ya kalle shi sama da ƙasa. "Wato in koma tudu, kai ka miƙe ƙafa a fadama. Tun yaushe kake shirya wannan?"

"Ni albasa nake ji, Yaya."

"Ji taka."

Ya sayar da babur ɗinsa ya sayi dashe, ya biya 'yan ƙwadago, ya sayi maganin gara. Itatuwa suka tashi, har masu wucewa na tsayawa kallo.

Bayan 'yan shekaru ruwan rijiya ya fara ja da baya, albasa ta ƙi kai. Kailani ya ce ai ya sani, asiri Zulkiflu ya binne masa. Ya tara maƙwabtan gona su zama shaida, ya kama haƙa a bakin rijiya.

Bai samu laya ba. Saiwoyi ya samu, sun saƙe ƙasar kamar tabarma. Ya bi mai kauri da fartanya, ta kai shi gindin turarensa.



Ya sare itatuwan, kututturan suka sake tohowa. Kuɗin itacen bai kai na tumɓuke su ba.

Wata safiya sai ga Zulkiflu da diga a kafaɗa, ya zo taya shi tumɓuke kututturan. Kailani ya buɗe baki zai tambaye shi me yake nema, sai ya rufe, ya matsa masa wuri.

Darasi: Kowace ƙasa da abin da take ɗauka, ku tambaya kafin ku dasa. Kuma ku daina zargin ɗan'uwa don ya faɗa muku gaskiya, mugun hali ne. Ku tura wa wanda ba ya jin magana a gidanku.