Gyaɗar Kurege a Kangon Ɗakin Taro

Ga ta nan, ga ta nanku, har da ku na baya masu surutu.

Ta zo mu ji ta, Inna.

To ku matso kusa da wuta, don ba zan ɗaga murya ba. Wuni na yi a wajen taron unguwa, har yanzu kaina sarawa yake.

Wani gari ne na dabbobi, can bayan rafi, suna da ɗakin taro a tsakiyar gari. Nan ake suna, nan ake sulhu, nan baƙo ke sauka. Shekara da shekaru soron yana yoyo. Kowa ya shigo sai ya ɗaga kai ya ce, "Kai, ya kamata a yi yaɓe," ya ja tabarmarsa gefe ya zauna. Ran nan aka yi ruwan farko da iska, ɗaki ya rushe, ya zama kango.

Sai mai gari, wato Kunkuru, ya ce a taru a san abin da za a yi da filin. To ina za a taru, tunda ɗakin taron ne ya faɗi? Aka ce a je ƙofar gidan Gwaggo Bushiya, ita ce mai inuwar ɗorawa. Gwaggo Bushiya tsohuwa ce, mijinta ya rasu, rumbunta ɗaya tak, geron da ke ciki shi zai kai ta kaka. Amma kunya ba ta bari jama'a su zauna mata a ƙofa baki a bushe. Ta ɗebo gero, ta dama kunun tsamiya.

A garin kuwa akwai Kurege, mai wutsiyar nan da yake wuni yana tajewa. Tun ranar da ɗakin ya faɗi ya je ya shinshina ƙasar kangon. Ƙasa baƙa, mai taushi, ta sha toka da shara. Ya ce a ransa, "Wannan ai gyaɗa take nema." Da rana tsaka, kowa yana gona, ya bi layin tsohon bango, gabas da yamma, kudu da arewa, ya binne irinsa. Ya san dokar garin sarai: shuka in ta tsiro ba a tuge ta sai ta nuna, ko a kan hanya ta fito. Abin da yake so kawai, kada a yanke magana kafin gyaɗarsa ta leƙo.

Sai ya je wajen Bunsuru. "Yaya Bunsuru, ɗan kasuwa irinka yana gari, a ce fili kamar wannan ba za a kafa rumfuna ba? In ka faɗa, ina bayanka."

Ya wuce wajen Agwagwa. "Uwar ɗakina, 'ya'yanki har rafi suke zuwa wanka. A haƙa kududdufi mana! In kin faɗa, ina bayanki."

Aka taru. Gwaggo Bushiya ta ajiye ƙwaryar kunu ta ce, "Ranka ya daɗe, maganar ba ta da tsawo. Ɗaki ya faɗi, a tayar da shi. Shi ke nan."

Kowa ya fara gyaɗa kai. Sai Bunsuru ya miƙe: "Kasuwa!"

Agwagwa ta buga fiffike: "Kududdufi!"

"Ke da wa za ku yi wankan?"

"Kai da ko wankan ba ka yi, ina ruwanka?"

Kafin mai gari Kunkuru ya gama fito da wuyansa ya gyara murya, har an fara zagin iyaye. Sai Kurege ya ajiye ludayi, ya goge baki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana. Kowa yana da gaskiya. Abu mai girma irin wannan ba a yi masa gaggawa. A ɗaga taro, a yi nazari."

Kunkuru ya ji daɗi, don shi duk duniya ba abin da ya tsana kamar gaggawa. Aka shanye kunu, aka ɗaga taro.

Aka sake taruwa. Kasuwa! Kududdufi! Aka shanye kunu, aka ɗaga taro. Aka sake taruwa, aka naɗa kwamiti ya je ya duba kangon, kangon da daga inda suke zaune suna hango shi. Kwamiti ya dawo ya ce lallai ɗakin ya faɗi. Ku ji fa! Wallahi ni mai ba da labarin ma sai da na ji kamar in shiga in kife ƙwaryar nan a kan wani. Aka shanye kunu, aka ɗaga taro.

Ana cikin haka ran nan Agwagwa ta shigo taro da gudu. "An yi shuka a filin gari! Gyaɗa ta tsiro!"

Aka ɗunguma aka je. Ga ta nan kore shar, a jere. To akwai wata dokar kuma: wanda ya yi shuka a filin gari ba izini, aske masa wutsiya ake yi tas. Kurege ya tuna wannan, ya ja wutsiyarsa ya zauna a kai.

Kunkuru ya ce, "Wa... ya... shuka?"

Kurege ya yi farat ya ce, "Ba wanda ya shuka, ranka ya daɗe. Gyauro ne. Gyaɗar da ake zubarwa wajen suna ce ta ji ruwa ta tsiro da kanta."

Gwaggo Bushiya ta dubi layin, ta dube shi. "Gyauro ne ya jeru haka kamar an ja igiya?"

"Ikon Allah ne, Gwaggo."

"Wato ba ta kowa ba ce?"

"Ba ta kowa ba ce. Na rantse."

"Jama'a kun ji?"

Suka ce, "Mun ji."

Kurege ya ce, "Tunda ba a tuge shuka, sai mu jira kaka. Amma kada mu zauna haka. A ci gaba da nazari." Kun gani, gyaɗar ba ta ishe shi ba, kunun ma ya shiga ransa.

Haka damina ta yi ta tafiya. Kasuwa, kududdufi, kunu. Kasuwa, kududdufi, kunu. Da can Gwaggo Bushiya daga bakin rumbu take ɗibar gero. Sai ta koma miƙa hannu har kafaɗa. Sai ta koma shiga ciki gaba ɗaya tana share ƙasa da tsintsiya. Ran nan ta zauna a cikin rumbun ta yi kuka, don abin da ya rage ko tukunya biyu ba zai yi ba, ga geron gona bai nuna ba. Ta share hawaye, ta fito.

Da aka taru, kafin Kurege ya buɗe baki ta ce, "Ranka ya daɗe, gyaɗar kango ta nuna. Kurege ya rantse ba ta kowa ba ce. Abin da ba na kowa ba a filin gari, ai na gari ne. Jibi a yi gayya a cire."

Karo na farko Bunsuru da Agwagwa suka haɗa baki: "Haka ne!" Kurege ya ƙware da kunu, sai da aka bubbuga masa baya.

Ya koma gida yana zagaye ɗaki. In ya ce tasa ce, wutsiya ta tafi. In ya yi shiru, gyaɗa ta tafi. Sai ya ce, "Su ta sama suka sani, ni ta ƙasa na sani." Ya haƙa rami daga bayan kango, ya bi ƙarƙashin layin gyaɗa, yana tsinke 'ya'yan, yana barin ganye a tsaye. Ya bi gabas, ya bi kudu, ya bi yamma. Da mai hankali ne da ya tsaya nan. Ina! Ya ce saura arewa. Gari ya waye ranar gayya yana cikin arewa, ya tara gyaɗa tsibi guda, kumatu sun cika fam.

Jama'a suka iso. Bunsuru ya ja tushe ɗaya, ba ko ƙwaya. Ya ja na biyu, ba ko ƙwaya. Haushi ya kama shi, ya yi tsalle ya dira da ƙafa huɗu. Sai ƙasa ta ce rugugugu, ta rufta ta kowace kusurwa. Mai gari Kunkuru ya gangara ciki, ya faɗa tim a kan Kurege.

Aka leƙa. Ga Kurege, ga tsibin gyaɗa, ga mai gari a kansa.

Bunsuru ya ce, "Kai ne ka ce mini kana bayana!"

Agwagwa ta ce, "Ni ma haka ya ce mini! A kawo aska!"

Aka kama wutsiya. Kurege ya so ya yi magana, baki a cike. Ya haɗiye da ɓawo da komai, idanu suka yi ja, ya ce, "Haba jama'a! Haka ake saka wa mai aikin alheri? Ku dubi ramin nan da kyau. Gabas, kudu, yamma, arewa. Harsashi ne! Na ga nazari ya yi tsawo, na ce bari in haƙa wa gari harsashin sabon ɗakin taro. Gyaɗar kuma tara muku ita na yi don kada gara ta ci."

"Ta bakinka fa?"

"Ɗanɗanawa na yi, ko ta nuna."

Aka duba, ramin kuwa ya bi layin tsohon bango daidai, ko magini sai haka. Gwaggo Bushiya ta san ƙarya yake, amma ƙaryar ta yi mata. Ta ce, "Ku ajiye aska. Yaron kirki ne. Ai ba za mu bar wahalarsa ta tafi a banza ba. Ranka ya daɗe, harsashi ya samu, sai gini. Kuma tunda Kurege yana son aikin gari haka, shi zai haƙo ƙasar tubali."

Kunkuru yana kwance a bayansa a cikin rami, ƙafafu a sama. Ya ce, "Na amince. Ku juya ni." Tun da aka naɗa shi bai taɓa yanke magana da sauri haka ba.

Aka kwashe gyaɗa aka zuba a rumbun Gwaggo Bushiya, ladan kununta. Kurege ya yi ta haƙa har faratansa suka ƙare, ramin da ya bari ya tara ruwa Agwagwa ta samu na wanka. Wutsiya dai ta tsira, sai dai ta sha laka.

Ɗaki ya tashi. Aka kira taron farko a ciki, wai a tattauna kalar da za a shafa wa bango. Kurege ya zo da ludayinsa, ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana. A yi nazari." Ya waiga yana neman ƙwarya.

Gwaggo Bushiya ta ce, "Taro ya samu ɗakinsa, ɗan nan. Ni ma yau baƙuwa ce, ban hura wuta ba."

 Cikin Bunsuru ya yi ƙugi. Wani ya ce, "Farar ƙasa." Kowa ya ce, "Farar ƙasa." Kafin mai gari ya gama zama, an watse.

Ƙurunƙus kan kurege mai laka a wutsiya. Darasin kuwa, in kun girma aka ce za a yi taro a ƙofar gidanku, ku ɓoye ludayi, ku ce itace ya jiƙe.