Ƙofar Aldith

A zamanin da gabashin Ingila ke cike da fadamu da duhuwar daji, an yi wani maharbi mai suna Osmund. Kirarin da ake masa shi ne: Osmund mai mashi ɗaya, wanda laka ba ta riƙe ƙafarsa. A fadamar Eldafen kuwa akwai wani aladen daji da ya hallaka mutum arba'in, kibiya kuma zamewa take daga jikinsa. Osmund ya bi sawunsa kwana tara, a na goma ya soke shi ta baki.

Sarkin Ingila na lokacin ya kira shi fada, ya ba shi ƙasa iyakar inda ƙarar ƙahonsa ta kai. An ce da ya busa, an ji shi a ƙauyuka goma sha bakwai. Sarki ya ƙara masa da sarautar Diyuk, wadda babu ta sama da ita sai ta gidan sarki.

Al'adarsu ita ce a rubuta yadda gado zai bi tun ranar naɗi, a buga hatimi. Magatakarda ya ɗaga alƙalami ya ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'ya duka, ko maza kaɗai?"

Osmund ya dubi 'ya'yansa maza huɗu da ke tsaye bayansa, ya yi dariya. "Rubuta maza. Ko ka ga sun yi kaɗan ne?"

Yaƙin ƙetare ya ci biyu. Annoba ta ɗauki na uku, na huɗu kuma doki ya kayar da shi, bai tashi ba. Ba wanda ya bar ɗa. Sai 'yar auta, Aldith, wadda aka haifa bayan naɗin. Ita ta riƙe madatsun ruwan da suka mai da fadama gonaki, ita manoma ke kai wa ƙara. Amma a takarda, magaji shi ne Ranulf, ɗan ƙanen Osmund, mai sayar da tufafi a birni, wanda bai taɓa taka Eldafen ba.

Osmund yana da shekara saba'in da uku ya hau doki zuwa fada. Sarkin da ya naɗa shi ya daɗe da rasuwa. Ya zauna wata biyu a zaure kafin babban alƙali ya saurare shi.

"Ni na faɗi maganar," in ji Osmund, "ni kuma nake janye ta."

"Dattijo, da bakinka kaɗai ya faɗa, da ta janyu. Hatimi ne a kai. Idan na ɓalle naka yau, gobe kowane gida zai zo da nasa."

Da ya komo, ya tarar da Aldith a bakin madatsa, laka har gwiwa.

"Baba, me suka ce?"

"Sun ce mutumin da ya rubuta ya fi ni ƙarfi."

"Wane ne shi?"

"Ni, ina da ƙuruciya."

Ta share hannu a riga. "To, a gaya wa Ranulf ya sayi takalmi mai tsawo."

Osmund ya san abin da zai biyo. Ranar da aka binne shi, sabon Diyuk zai shigo ta babbar ƙofar gidansa da dawakai, 'yarsa kuma ta fita ta nan da kayanta, jama'a na kallo. Sai ya kira magina, suka fasa bangon arewa, suka kafa ƙaramar ƙofa mai kallon gonaki. Ya ce a sa mata mariƙi ciki da waje, don mai fita ya iya komowa. Iyakar abin da ikonsa ya kai ke nan.

Ya rasu da kaka. Aldith ta ajiye mabuɗai a kan tebur, ta fita ta ƙofar, ta tare a wani ƙaramin gidan dutse. Ta rayu shekara talatin tana kallon madatsunta suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga Ranulf zuwa yau an yi Diyuk goma sha tara a Eldafen. Sau biyar sarauta tana tsallake 'ya'ya mata ta faɗa hannun wani dangi na nesa, kuma kowane karo ta Ƙofar Aldith suke fita, kafin dawakai su iso. Mariƙin waje kuwa, Diyuk na uku ya sa aka cire shi.